Yadda Za a Rage Zafin Gida da na Lungu a Zangunan Akra

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Mamobi a watan Maris ya san yadda dare yake kasancewa bayan sallar isha'i. Mata sukan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida su kwantar da yara, maza kuma su zauna a bakin titi har ƙarfe ɗaya, domin ɗaki ba ya shiguwa sai gari ya kusa wayewa. A wannan daren kuwa, ma'aunin da ke filin jirgin sama, wanda tsakaninsa da Nima 'yan kilomita ne kawai, yakan sauka zuwa digiri 25 ko 26 kafin asuba, iskar teku kuma tana kaɗawa a can ba tare da wani shamaki ba. Ke nan kaso mai yawa na zafin da ke hana mu barci mu muka gina shi da hannunmu, ta hanyar kwanon da muka rufa, da simintin da muka malala, da ɗakunan da muka yi ta ƙarawa har iska ta rasa ta inda za ta bi. Wannan bayani na maigidan da ke shirin ƙara ɗaki ko ɗora bene ne, da magininsa, da kuma ɗan hayar da yake neman abin da zai iya gyarawa ba tare da ya rushe bangon wani ba.

Da farko dai a san irin zafin da ake fama da shi

Kakanninmu da suka zo wannan gari, wanda tsofaffi har gobe suke kira Ankara, sun taho da ilimin ginin ƙasar Hausa, wato bango mai kauri na tubali, rufin azara da ƙasa, da 'yar ƙaramar taga. Wannan hikima ce da ta dace da Kano da Katsina, inda iska take a bushe, dare kuma yake yin sanyi sosai, har bango ya sha sanyin ya riƙe wa mai ɗaki shi zuwa azahar. A Akra lissafin ya sauya. Iska cike take da laima kusan duk shekara, bambancin zafin rana da na dare bai cika wuce digiri 7 ko 8 ba, gumi kuma ba ya bushewa a jiki sai in iska tana motsi. Bango mai nauyi da rana ta gasa a nan ba ya samun daren da zai huce, sai dai ya yi ta amayar da zafin cikin ɗaki har tsakar dare. Saboda haka aikin mai gini a Akra iri biyu ne, ya hana rana taɓa gini, ya kuma buɗe wa iska hanya ta shiga ta fita.

Garin yana kimanin digiri 5.6 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a farkon Afrilu da farkon Satumba. Tsakanin waɗannan watanni takan ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma ta karkata kudu, amma da tsakar rana kullum a sama take. Ma'anar wannan ita ce rufi ne ke shan mafi yawan ranar, sai bangon yamma da na gabas, bangon kudu da na arewa kuwa su suka fi sauƙin karewa. Iska a mafi yawan watanni daga kudu maso yamma take zuwa, daga wajen teku, kuma takan ƙarfafa daga azahar zuwa magariba. Hunturu ne kawai, daga Disamba zuwa Fabrairu, yake juyo da ita daga arewa maso gabas tare da ƙura.

Kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya, a ba gidan kwana uku ana lura da shi. Da la'asar a kunna turaren wuta a kasko, a ajiye shi a bakin ƙofar ɗaki, a tsaya a kalli hayaƙin. In ya miƙe tsaye ya taru a ƙarƙashin silin, iska ba ta ratsa wannan ɗaki. In ya kwanta ya nufi wata kafa ya fice, an gano hanyar da ya kamata a faɗaɗa. A maimaita haka a tsakar gida da bakin zaure da cikin lungu. Da misalin ƙarfe tara na dare kuma a bi bangon ɗaki da silin ana ɗora tafin hannu, duk wanda aka ji da ɗumi kamar bayan tukunyar da aka sauke, shi ne ke hana barci, kuma daga kansa za a fara.

Rufi

A yawancin gidajen zango rufi ne babban mai laifi. Kwanon da ya yi duhu ko ya yi tsatsa yana iya kai digiri 60 zuwa 70 da tsakar rana, kuma in babu silin, wannan zafin kai tsaye yake sauka a kan mutum, ko da an buɗe kowace taga. Fanka a irin wannan ɗaki sai dai ta kwaso iskar da ta gasu a sama ta watso ƙasa.

Gyara mafi araha shi ne sauya launi. Farin rufi sabo yana mayar da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na hasken rana, baƙi ko mai duhun shuɗi kuwa yakan shanye mafi yawansa. Birnin Ahmadabad na ƙasar Indiya, bayan tsananin zafin shekarar 2010 da ya kashe mutane da dama, ya fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, kuma daga baya ya shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa da farin fenti, domin shi ne abin da aljihun kowa zai ɗauka. A Akra farar ƙasa ba ta daɗewa a kan kwano saboda damina biyu da muke yi, ta Afrilu zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba, don haka fentin rufi na gaske ya fi, bayan an kankare tsatsa an shafa na ƙasa mai hana ta dawowa. A riƙa wanke shi bayan hunturu, domin ƙura tana rage masa aiki. Wanda zai sayi sabon kwano kuwa, ya daure ya bar launin toka mai duhu da ake yayi yanzu, ya ɗauki fari ko mai haske, kuma ya nemi irin da ke jure gishirin iskar teku. Gargaɗi ɗaya a nan: tsohon rufin asbestos da ke kan wasu gidaje kada a goge shi da burushin ƙarfe, kada a huda shi ko a farfasa, domin ƙurarsa tana lalata huhu.

Mataki na biyu shi ne silin, ko na katako ko na roba ko POP, amma silin kaɗai rabin aiki ne. Iskar da ke tsakanin kwano da silin takan yi zafi ƙwarai, kuma in ba ta da mafita, silin ɗin da kansa zai koma murhu. Sai a bar kafofi a ƙarƙashin bakin kwano inda iska za ta shiga, a kuma bar wasu a can ƙololuwa ko a bangon da ke toshe kusurwar rufi inda za ta fita, dukkansu a sa musu ragar waya saboda ɓera da jemage. Kafintoci da yawa sukan like bakin rufi ruf don ya yi kyan gani, kuma wannan ado ne mai tsada, domin mai ɗaki ne zai biya shi da gumi. Wanda yake da hali ya shimfiɗa takardar alminiyum mai sheƙi a ƙarƙashin kwano, fuskar mai sheƙin tana kallon ƙasa, da sarari na aƙalla santimita 3 a gabanta, domin in ta manne da wani abu ko ƙura ta lulluɓe ta, amfaninta ya tafi. Tsawon ɗaki daga daɓe zuwa silin kada ya gaza mita 3 in sabon gini ne. Layin bulo ɗaya ko biyu da ake tsimi a nan ba su kai wahalar da suke jawowa ba.

Sai batun zarcewar bakin rufi, wanda ake iya lissafa shi da alƙalami. A ƙarshen Disamba rana takan kauce kusan digiri 29 daga tsakar ka zuwa kudu, a ƙarshen Yuni kuma kusan digiri 18 zuwa arewa. Don haka kowace mita ɗaya ta tsawon bangon kudu tana buƙatar rufi ya zarce da kimanin santimita 55 kafin inuwa ta rufe ta da tsakar rana, bangon arewa kuwa kimanin 32. Tagar kudu wadda gindinta yake mita 2 ƙasa da bakin rufi tana son zarcewar da ta haura mita ɗaya kaɗan. Wannan ne ya sa baranda ta fi kowane labule, ga shi kuma tana ba mutum damar barin taga a buɗe ana ruwa. Mai son ganin misali ya je Legon ya dubi tsofaffin gine-ginen Jami'ar Gana da farin bangonsu da barandunsu da filayen da ke tsakiyarsu, ko in ya je Kumasi ya dubi Kwalejin Prempeh, inda masu zanen gine-gine Maxwell Fry da Jane Drew suka yi aiki da bango mai huda-huda da dogayen barandu tun shekarun 1950, lokacin da babu mai dogaro da na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai wani rufin da ya fi kwano mugunta da dare, wato kankaren da aka zuba aka bari da rodi a tsaitsaye ana jiran kuɗin ɗora bene. Jiran yakan kai shekara goma, kuma duk tsawon wannan lokaci kankaren yana shan rana yini guda, ya sauke ta a kan masu barci. In ba za a ci gaba da ginin nan kusa ba, a kafa masa rumfar kwano mara nauyi a sama, gefunanta a buɗe, wadda za ta zama wurin shanya da shan iska. In hakan ya gagara, a shafe shi da farin fenti.

Taga da ƙofa

Ɗakin gidan haya na zango kusan fasalinsa ɗaya ne: bayansa yana kan iyaka babu ko kafa, gabansa ƙofa ɗaya da taga ɗaya suna kallon tsakar gida. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita, kamar yadda ba a iya hura iska cikin kwalba. Ana buƙatar kafa biyu a bango biyu daban-daban, kuma ya fi kyau mafitar ta kai mashigar girma ko ta fi ta. Na san dalilin da ya sa ba a son taga a bangon baya, wato sutura da tsoron ɓarawo, kuma dalili ne mai ƙarfi. Maganinsa shi ne a buɗe doguwar kafa a can sama kusa da silin, sama da inda idon mai wucewa zai kai, a sa mata ƙarfe da raga, ko a jera bulo mai huda layi biyu. Iska mai zafi dama sama take taruwa, don haka nan ne daidai wurin fitarta. A ciki da falo kuma, bangon da ya raba su kada ya kai silin a toshe, a bar kafa a samansa ko a saman ƙofa, in ba haka ba uwar ɗaki za ta zama tanderu.

Mashigar iska kuwa ƙasa-ƙasa ake so, daidai tsayin gado ko kujera, domin iskar da ta wuce ta saman kai ba ta busar da gumin kowa. Iskar da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa tana sa jiki ya ji kamar zafi ya ragu da digiri 2 zuwa 3, alhali ma'auni bai motsa ba. A nan ne nake ganin mun yi asara da muka bar tsohuwar tagar nan mai jerin faifan gilashi da ake ɗagawa da ɗan maɗauki, muka koma ta alminiyum mai zamiya. Ta farko tana buɗe kusan dukkan faɗinta, ana iya karkata ta ana ruwa, ana kuma iya juya iskar ƙasa ko sama. Mai zamiya kuwa komai girmanta rabi kawai take buɗewa, domin ɓangare ɗaya yana bayan ɗaya, sauran rabin kuma gilashi ne da ke shigo da rana. Ragar sauro dole ce, sai dai ita ma tana rage iska sosai, musamman in ƙura ta toshe idanunta, don haka a faɗaɗa taga saboda ita, a kuma riƙa wanke ta. Ƙofa ta biyu ta ƙarfe da raga tana ba da damar barin ƙofar katako a buɗe da dare cikin kwanciyar hankali.

Mai sabon gini da yake da zaɓi ya miƙar da tsawon gidan daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa. Kada ya damu da cewa iskar daga kudu maso yamma take zuwa, domin ko ta bugi taga a karkace tana shiga, wani lokaci ma ta fi zagaya ɗaki. Gefen yamma a ba shi banɗaki, ɗakin ajiya ko matakala, a nisantar da ɗakin kwana daga gare shi. Ranar la'asar a kwance take zuwa, zarcewar rufi ba ta tare ta, sai abin da yake tsaye, kamar itace, ko asabari, ko bango mai huda da aka gina ɗan nesa da ainihin bangon.

Tsakar gida

Ina yaro, tsakar gidan wani kawuna a Mamobi tana ɗaukar taron suna, kuma akwai darbejiya a gefen yamma wadda ake ɗaure ragon layya a gindinta. Duk ɗan da ya yi aure sai a yanka masa ɗaki daga filin, daga baya aka ƙara na haya, har abin ya koma wani siririn zirin siminti da mutum biyu masu ɗauke da bokiti ba sa iya giftawa. Ranar da aka zo sare darbejiyar na ce masa, "Kawu, da an bar ta, ita ce ke tare wa ɗakin Hajiya rana." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɗakin haya ke biyan kuɗin wuta da na makaranta, itace me yake biya?" Ban iya ba shi amsa ba a lokacin, kuma har yanzu ba na ganin wautarsa, domin matsin fili a zango gaskiya ne. Amma tun daga bazarar da ta biyo baya Hajiya ta koma kwana a baranda, kuma ɗakin da aka gina a gurbin itacen shi ne wanda 'yan haya suka fi saurin tashi daga cikinsa.

Abin da na koya daga wannan gida shi ne, in ƙari ya zama dole, gara a hau sama a gefe ɗaya da a cinye fili. A ɗora benen a gefen arewa ko gabas, a bar gefen kudu da yamma a ƙasa domin iskar teku ta samu ta faɗo cikin gidan. Kada a rufe tsakar gida gaba ɗaya da kwano, musamman irin na roba mai shigo da haske. In ana son inuwa, a ɗaga rumfar sama da bakin rufin ɗakuna yadda za a sami sarari a kewaye, ko a rufe rabi a bar rabi. Zaure kuma, wanda yake shi ne maƙogwaron gidan, a sa masa ƙofa mai ƙarfe a tsaitsaye ko mai huda a sama da ƙasa maimakon farantin ƙarfe da ke toshe shi ɗungurungum.

Malale fili da siminti yana da dalilinsa, domin babu matar da ke son taɓo a inda take wanki da girki. Sai dai simintin da rana ta buga yana riƙe zafi kamar bango, kuma ruwan sama ba ya nitsewa ta cikinsa. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a Akra, inda ake samun kusan milimita 750 zuwa 800 a shekara, yana zubar da lita dubu 75 ko fiye. In kowane gida ya tura nasa cikin kwata a lokaci guda, can ƙasa ne ake kuka, a bakin rafin Odaw, kuma babu wanda ya manta da daren 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle, inda ambaliya da gobara suka kashe mutane fiye da 150. Sai a malale wurin wanki da hanyar tafiya kawai, sauran a jera bulon daɓe a kan yashi ko a zuba tsakuwa, a sa indararo ya kai ruwa cikin tanki mai murfi. Daɓen da ake zama a kai inuwa yake so fiye da farin fenti, domin farin daɓe yana mayar da hasken cikin ido da jikin mai zama. Yayyafa ruwa da yamma, wanda yake aiki sosai a ƙasar Hausa, a nan ɗan sanyaya daɓen kawai yake yi, kuma duk ruwan da ya kwanta gidan sauro ne.

Itace a yamma ko kudu maso yamma ake dasa shi, a riƙa sassabe rassansa na ƙasa har sama da tsayin taga, domin inuwa ta sauka daga sama, iska kuma ta wuce ta ƙasa. Darbejiya tana jure ƙarancin ruwa da ƙasar Akra. Mangwaro yana da inuwa mai kauri, amma yana son fili kuma yana tare iska in ba a gyara shi. Ceɗiya da durumi na dandali ne da harabar masallaci, saiwarsu takan fasa kwata da ramin shadda in an matsa su da gini. Inda fili ya ƙure, zogale da gwanda da ayaba sun isa, ko a ɗaura waya ɗan nesa da bangon yamma a sa soso ya hau. A dasa a farkon damina, a kewaye dashen da ragar ƙarfe, domin akuyar zango ba ta san shirin dashen itatuwa na Green Ghana da aka fara a 2021 ba, kuma tsiro da yawa da aka raba kyauta a cikinta suka ƙare.

Murhu ma yana da nasa kaso. Gidan da ake dafa waake ko koko na sayarwa tun asuba, a kai kurfoti da manyan tukwane gefen arewa maso gabas, inda iska za ta fitar da zafi da hayaƙi daga gidan maimakon ta bi da su ta ƙofofin ɗakuna.

Abin da ya wuce ƙarfin gida ɗaya

Iskar da ke shiga tagar mutum ta lungun maƙwabcinsa ta biyo. Hong Kong, birni mai zafi da laima da cunkoso, ya koyi wannan bayan annobar cutar numfashi ta SARS a 2003, lokacin da aka lura cewa jerin dogayen benaye da ke tsaye kamar katanga a bakin teku sun hana unguwannin da ke bayansu numfashi. Daga 2006 gwamnatin birnin ta wajabta a auna yadda manyan ayyukanta za su shafi tafiyar iska kafin a gina su, ƙa'idojin tsara birnin kuma suka nemi manyan tituna su bi hanyar iskar da ta fi kaɗawa, ko kada su kauce mata fiye da digiri 30, a kuma bar rata tsakanin gine-gine. Mu ba mu da benaye masu hawa 40, amma ƙa'idar ba ta sauya ba.

Ƙuncin lungu yana da amfaninsa, domin yana ba da inuwa da rana. Illar tana zuwa ne in an toshe shi. Wani ya tsayar da kwantenar shago a bakinsa, wani ya fito da banɗaki, wani ya sa ƙyaure, sai hanyar iska ta mutu gaba ɗaya. Lungunan da suka miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas su ne suka fi cancantar a tsare su a buɗe ta kowane baki, kuma wannan magana ce da sarkin zango da limamai da ɗan majalisar unguwa za su iya zaunar da masu gidaje a kanta. In hujjar iska ba ta shiga kunne ba, akwai wadda kowa ke ji: lungun da makara ba za ta wuce ba, mai kashe gobara ma ba zai wuce ba. Na'urar sanyaya ɗaki kuma zafin da ta kwashe daga ciki waje take zubarwa, har da ƙarin na wutar da ta ci, don haka kada a kafa injinta yana hura wa tagar maƙwabci ko cikin lungu mai ƙunci, a kai shi saman rufi. Irin wannan na'ura takan ci wat 1,000 ko fiye, fankar sama kuwa ba ta cika wuce 75 ba.

Masu shaguna a bakin titi suna iya aron dabarar Singafo, inda tun tsarin gari na 1822 aka wajabta wa masu gini su bar rufaffiyar hanya mai faɗin ƙafa 5 a gaban shagunansu, ta yadda mutum zai bi layi guda a inuwa. In maƙwabta suka daidaita tsayin rumfunansu suka haɗe su, an sami wannan ba tare da an jira gwamnati ba.

Masallaci yana da wani sirri da ya kamata kwamitin gini ya sani. Alƙiblar Akra tana kusan digiri 64 daga arewa zuwa gabas, don haka bayan masallaci yana kallon yamma maso kudu, inda iskar teku da ranar la'asar duka suke fitowa. Sai a yi manyan ƙofofi a bayan, a kare su da baranda mai zurfi, a kuma buɗe kafofi a saman bangon alƙibla domin iska ta ratsa sahu-sahu ta fita. Jikin mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, ke nan masallata 200 sun kai wat dubu 20, abin da fanka ba za ta iya da shi ba sai da mafita a sama. Wannan lissafin ya shafi ajin makarantar Islamiyya ma.

Duk wanda zai ɗora bene ko ya fasa bango mai ɗauke da nauyi ya nemi injiniya ya duba tushen ginin, ya kuma karɓi izini daga majalisar yankinsa, Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, Ayawaso ta Arewa ga na Mamobi. Ƙasar tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2018, kuma Akra gari ne da ƙasa ke motsi, kamar yadda girgizar 1939 ta nuna.

Ɗan haya, wanda ba shi da ikon taɓa tsarin gida, ya fara da neman yardar maigida a fente kwanon da ke kan ɗakinsa, in ya yiwu masu ɗakunan layi ɗaya su haɗa kuɗi, domin rufinsu ɗaya ne. Ya rataya asabari ko tabarma a wajen tagar da rana ke bugawa, da 'yar tazara daga gilashin, domin labulen ciki sai zafi ya riga ya shigo yake tare haske. Ya janye kabad da tulin akwatuna daga gaban taga, ya matsar da gado daga bangon da ya ji da ɗumi. Bayan isha'i, lokacin da waje ya fi ciki sanyi, ya tsayar da fanka a bakin taga tana kallon waje, ya bar ƙofar raga a buɗe, sannan ya sake kunna turaren a bakin ƙofa ya ga ko hayaƙin ya kwanta ya bi ta kan gado.